Gwaggo Tana So In Karɓo Takardar Tausa Da Sunana

Zuwa ga Anti Madina,

Assalamu alaikum. Don girman Allah Anti ki taimake ni, ki daure ki karanta har ƙarshe ko da rubutun bai yi kyau ba, domin ba ni da wanda zan faɗa wa. Ni ba mai magana ba ce, sai a yi baƙi a gidanmu su tafi ba su ji muryata ba. Mujallarku ma ba a sayar da ita a nan. Hajiyoyin da ke zuwa saro kaya ne suke karantawa a jirgi su bar ta a gidanmu, a nan na san filinki. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

Shekarata goma sha huɗu. Ina zaune a Guangzhou ta ƙasar China wurin ƙanwar babana, Gwaggo Sabuwa. Ita ta ɗauko ni daga Kano bayan rasuwar babana, don ba ta taɓa haihuwa ba. Ummata tana can Kano da ƙannena. Mijin Gwaggo, Baba Ma'azu, yana da ofis kusa da kasuwar Canaan, yana tura wa 'yan kasuwa kayansu gida. Sun sa ni a makarantar 'yan China, bana na gama firamare, a makare, saboda sai da na koyi yaren tukuna. Yanzu ina ji, ina kuma karantawa daidai gwargwado. Ni ce bakin gidan. In za a je asibiti ni ce, in mai gidan haya ya zo ni ce.

Gwaggo tausa take yi, ta gada ne wurin kakata. Matan Kano da na Maraɗi da na Yamai sai su wuni suna hawa bene suna sauka a kasuwar Baima, suna jan buhunan kaya, su koma masaukinsu na titin Liuhua Lu ƙafa ta kumbura, baya ya ƙage. Da yamma sai su zo gidanmu. Gwaggo ta shimfiɗa musu katifa a ɗaki na biyu, ta narka man kaɗanya da citta da kanumfari, ta yi bismillah ta fara. Mata zalla. Namiji bai taɓa taka ɗakin nan ba, ko Baba Ma'azu. Ni nake ɗumama man, wani lokacin ta bar mini ƙafafu in ta gaji. Kuma Anti, gaskiya ina son aikin. Mace ta shigo tana ɗingishi tana faɗa da kowa, ki ga ta yi barci a hannunki kamar jaririya.

Da wasannin Olamfik suka matso sai gari ya canza, ko da yake a Beijing ake yin su ba a nan ba. Biza ta yi wuya, 'yan kasuwa da yawa ba su samu shigowa ba, aikin Baba ya ja baya, ya zama tausar Gwaggo ce ke riƙe da tukunyar gidan. 'Yan sanda kuma suka shiga bin gida-gida suna duba fasfo. Wata rana bayan la'asar suka zo namu, maza biyu da mace. Takardunmu lafiya lau suke. Har sun juya za su fita sai macen ta ji ƙamshin mai, ta tura ƙofar ɗaki na biyu, ta ga mata biyu a kwance da ɗaurin ƙirji, ga kwalabe a jere. Ta tambayi me ake yi a nan. Gwaggo ta ce in gaya mata tausa ce. Ni kuma na ce anmo, domin shi ne tausa a yarensu, ban san wani suna ba. Shi ne ma a rubuce a ƙofar shagon makafi masu tausa da ke bakin layinmu, inda tsofaffi suke zuwa da rana tsaka.

Sai matar ta ce ina takarda. Ta ce a nan ba a yi wa mutane tausa a matsayin sana'a sai mutum ya yi makaranta, ya ci jarrabawa, hukuma ta ba shi takardar shaida mai hotonsa, kuma wurin ma sai yana da lasisi, ba a yi a gidan haya. Gwaggo ta ce in gaya mata tun kafin a haife ta take wannan aikin, kuma hannunta bai taɓa cutar da kowa ba. Na faɗa. Matar ta ce ita ba hannu ta tambaya ba, takarda ta tambaya. Suka kwashe kwalaben, har da man kaɗanyar da Umma ta aiko, suka liƙa wata sanarwa a ƙofarmu ta waje, suka ce in aka sake kama mu abin zai shafi zaman Baba a ƙasar.

Abin da ban sani ba shi ne, a bakin mazanmu na nan anmo ba tausa yake nufi ba. Akwai wasu shaguna masu jar fitila wajen tashar jirgin ƙasa, su ma anmo suke rubutawa a ƙofa. In aka ce wane ya tafi anmo sai a fashe da dariya. Mutanenmu ba su iya karatun China ba, wasu sun shekara goma a nan ko sunan layinsu ba sa iya karantawa. Amma haruffa biyun nan kam, ashe kusan kowannensu ya san su sarai. Ban san a wace makaranta suka koya ba. Kuma haruffan nan ne manya-manya a jikin sanarwar da aka liƙa mana.

Wani Harouna, mutumin Damagaram, da ke ɗaure kwalaye a ofishin Baba, shi ya fara gani da ya kawo mukulli. Kafin kwana biyu duk Canaan an ji. Yanzu in na kai wa Baba abinci, tun daga ƙofa sai Harouna ya ƙame ya sara mini, ya ce ga Lawban Anmo ta iso, wato shugabar anmo, ya tambaye ni ko akwai ragi ga 'yan gida. Mazan da ke zaune su yi ta dariya. Baba yana ji. Da na yi kuka rannan sai ya ce in bar shi, ai wasan Kanawa da Damagarawa ne, tun kaka da kakanni ake yi. Ni ban san wasan ya kai nan ba. Na daina kai abincin, sai aka ce na fara girman kai.

Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce Hajiya Nana Khadija. Tana ɗaya daga cikin matan nan biyu da ke kwance ranar. Ta san abin da ake yi a ɗakin, bayanta ake tausawa. Shekara uku in ta zo gidanmu take fara sauka kafin masauki. Amma da ta koma Kano sai ta ba da labari a gidan biki cewa 'yan sanda sun kai samame gidan anmo na Sabuwa, ita dai Allah ne ya rufa mata asiri. Maza da suka san kalmar suka fassara wa matansu. Umma ta bugo waya tana kuka, tana tambayata in gaya mata tsakani da Allah ko maza suna shigowa. Kuka kawai na yi, ita kuma ta ɗauka amsar ke nan. Kuma wannan Hajiyar dai ita ce ta bugo wa Gwaggo makon jiya, wai tana nan tafe bayan ƙaramar Sallah, bayanta ya matsa mata, a san yadda za a yi.

Yanzu ga inda ake. Akwai wata 'yar China mai shagon tausar ƙafa a ƙasan benen da ke kusa da namu, tana da lasisi. Ta ce za ta ba Gwaggo ɗakin baya ta riƙa kawo matanmu, amma dole a samu mai takardar shaida a cikinmu, a rataye a bango. Gwaggo ba za ta iya jarrabawar ba, ko lamba ba ta karantawa da yarensu. Sai aka ce ni. Wani mutum mai gyara wa baƙi takardu ya ce ina da tsawo, za a rubuta mini shekara goma sha takwas, in yi makarantar 'yan watanni, in na karɓo takardar ni a bango, Gwaggo a kan aiki.

Mun je mun ga makarantar. Ɗaki ne babba da gadaje a jere, ɗalibai suna gwadawa a jikin junansu, maza da mata a haɗe, da riguna masu gajeren hannu. Malamin namiji ne. Ya kama wuyan hannuna ya juya babban yatsana yana dubawa, ya ce hannu mai kyau. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. A bango na ga irin takardar: hoto, suna, jan hatimi, da kalmar nan a sama. Shagon matar kuwa gabansa duk gilashi ne, kuma ta nan mazanmu suke bi ranar Juma'a.

Na ce wa Gwaggo a hankali ina jin kunya. Ta ce da bakina na jawo, da na ce 'yan'uwa ne marasa lafiya da yanzu ba a wannan maganar, don haka ni zan gyara. Anti, ita fa ta ce in ce tausa. Sakandaren da zan shiga wata mai zuwa an ce a bari sai baɗi. Baba ya ce maganar mata ce, ba ruwansa.

Ba na so ki ɗauka muguwa ce. Ba ta taɓa dukana ba. Lokacin da nake fitsarin kwance ita ke wanke shimfiɗar kafin Baba ya tashi. Yanzu ta rame, ba ta cin abinci, sai ta zauna ta yi ta murza hannunta ɗaya da ɗaya. Amma ina jin haushinta, ina jin haushin Baba, ina jin haushin hukumar nan. An ce shagunan jar fitilar ma akwai masu takarda a bango, suna nan a buɗe, Gwaggo mai alwala kafin ta taɓa mutum ita aka rufe. To takardar me take shaidawa?

Kafin ƙarshen watan nan za a rufe ɗaukar ɗalibai. In na je, hotona zai hau bango a ƙarƙashin kalmar, kuma abin da Harouna yake faɗa da wasa ya zama da hatimi. In na ƙi, na zama butulu, na bar matar da ta raine ni hannu a naɗe. Ki gaya mini wanne zan ɗauka.

'Yarki,
Mai Ɗumama Mai, Guangzhou

*

Wa alaikumus salam 'yata,

Rubutunki ya fita tas, kuma amsata ba ta da kwana-kwana: kada ki yarda a rubuta miki shekarun da ba naki ba, kada ki shiga makarantar nan yanzu. Wannan ba butulci ba ne. Ke kina ganin in kin je kin ceci Gwaggo kin rasa sunanki. Ni kuwa ina ganin za ki rasa sunan, Gwaggo kuma ba ta tsira ba. Takardar shaida ta mai ita ce, ba a aronta kamar mayafi. Ranar da 'yar sandan nan ta leƙa ɗakin baya, za ta ga hoton yarinya a bango da dattijuwa a kan aiki, ta buɗe fasfonki ta ga shekarunki na gaskiya. Wancan karon gargaɗi aka yi muku. Wannan karon ƙarya ce a takardar hukuma, kuma sunanki ne a kai, ba na mai shagon ba, ba na mai gyaran takardu ba. Shi ranar ba za a same shi a waya ba.

Ban san dokar China filla-filla ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma a ƙasashe da yawa takardar sana'a daban, izinin baƙo ya yi aiki daban. Ku bincika wannan wurin shugabannin 'yan Najeriya na garin, ko wani lauya, kafin kowa ya sake taɓa kwalbar mai.

Kalmar da kika faɗa ba laifinki ba ce. An ce ki fassara, kin fassara daidai. Ƙazantar tana wurin mazan da suka san haruffan nan biyu ba su san na layinsu ba. Su ya kamata a tambaya.

Hukumar kuwa, na fahimci haushin da kike ji, amma ki ba ta nata. 'Yar sandan ba ta san kakarki ba, ba ta san alwalar Gwaggo ba, kuma ba ta da hanyar sani. Tausa tana gyara, tana kuma ɓatawa. Wata ma'aikaciyar jinya ta taɓa gaya mini cewa ƙafar da ta kumbura bayan doguwar tafiya a jirgi wani lokacin gudan jini ne a jijiya, in aka murza yana iya tafiya ƙirji ya yi kisa. Matan da ke zuwa gidanku daga jirgi suke saukowa. Irin wannan ne ya sa ake neman makaranta. Gaskiyarki ne, takarda ba ta shaidar hali, masu jar fitila ma suna iya samu. Iyakarta ta ce an koya wa wannan inda ba a dannawa. Wannan ɗin ma ba ƙaramin abu ba ne.

Gwaggo kuma tsoro ne yake magana da bakinta. An raba ta da aikin da ta sani, an ɓata mata suna a garinsu, ga tukunya tana jira. Ba ta iya yi wa 'yar sanda faɗa, ba ta iya yi wa Hajiya, sai ke da kike kusa. Ki yi mata uzuri, amma uzuri ba ya nufin ki ɗauki kayan da ba naki ba.

Na san ba ki iya kallon idonta. To kada ki kalla. Ki bari bayan isha'i ki zauna a bayanta ki kama kafaɗunta kina matsa mata, daga nan ki faɗa. Kada ki ce kunya, an riga an ture wannan. Ki ce kina tsoron ranar da za a haɗa fasfonki da takardar, a kore ku duka ukun. Sannan ki roƙi Baba Ma'azu ya raka ki makarantar da fasfonki na gaskiya, ki tambaye su da yarensu ko suna ɗaukar baƙuwa 'yar shekara goma sha huɗu. Ina kyautata zaton amsarsu za ta rufe maganar. Abin da zai iya kore shi daga ƙasa ba maganar mata ba ce, ki gaya masa haka cikin ladabi. A hanya kuma ki faɗa masa da Hausa tsantsa abin da Harouna yake kiranki a gaban maza. Wasan gari da gari tsakanin tsara ake yi, kuma yana tsayawa a ƙofar mutuncin 'ya mace. Baba ya san haka, kunyar yin magana ce ta kama shi kamar yadda ta kama ki.

Ummanki ki kira ta yau, kada ki jira gobe. Ki rubuta abin da za ki faɗa ki karanta mata in muryarki ta ƙi fita: mata zalla, tausa zalla, namiji bai taɓa shiga ba. Kukan da kika yi ta ɗauke shi a matsayin amsa, kuma da shi take kwana.

Ga hajiyoyin da ke karanta wannan fili a jirgi: wadda ta kwanta a katifar nan ta san gaskiya. A gidan biki ta ɓata, a gidan biki za ta gyara, a gaban waɗanda suka ji. Kafin nan bayanta ya yi haƙuri.

Ba zan ɓoye miki ba, 'yata, ko kin yi duk wannan maganar ba za ta goge gaba ɗaya ba. Wasu za su riƙe ta don ta fi gaskiya daɗin faɗa. Gwaggo tana iya yin fushi na makonni, gidan yana iya ƙara matsewa, ana ma iya cewa ki koma Kano. In ya kai ga haka, ki koma da shekarunki goma sha huɗu cif, ki shiga sakandare. Tunda kina son aikin, akwai karatun gashin ƙashi da gyaran gaɓoɓi da ake yi a asibitoci, mata suna yi, kuma matanmu suna neman mace ruwa a jallo. Ranar da kika isa, ke za ki zaɓi bangon da za a rataye takardarki.

Allah ya sanyaya zuciyar Gwaggo, ya buɗa mata hanyar da ba sai an bi ta kanki ba. Ke kuma Allah ya ba ki murya daidai lokacin da kike buƙata.

Antinki,
Madina